Kano zuwa Abuja a jirgi: ina mintocin suke tafiya?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja akwai kilomita 365, idan aka miƙe layi ba kwana. Jirgi irin Boeing 737, in ya daidaita a sama, yana cin kusan kilomita 830 a awa. Duk wanda ya raba wancan da wannan zai samu minti 26. Amma tikiti awa ɗaya yake cewa, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, kuma mutumin da ya baro gidansa a Kano da hantsi da wuya ya shiga ofis a tsakiyar Abuja kafin azahar ta gabato. Duka lissafin uku gaskiya ne, abin da kowanne yake aunawa ne ya bambanta. A gajeren zango irin wannan, nisan da ke kan taswira shi ne mafi ƙarancin abin da ke cin lokaci.

Shi kansa 365 ɗin ana iya fitar da shi da biro da takarda. Matuƙa jirgi da mil na teku suke awo, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, kuma an zaɓe shi ne domin ya yi daidai da minti ɗaya na digiri a layukan da ke nuna nisan wuri daga tsakiyar duniya. Digiri ɗaya minti 60 ne, wato mil 60. Filin Kano yana kan digiri 12 da minti 3 arewa, na Abuja yana kan digiri 9 cif. Tazarar kudu da arewa ke nan mil 183. Ta gabas kuma, Kano tana kan digiri 8 da minti 31, Abuja tana kan digiri 7 da minti 16, bambancin minti 75. Sai dai layukan gabas da yamma suna matsowa kusa da juna yayin da ake yin arewa, don haka a nan 75 ɗin yana komawa kusan mil 74. A ninka 183 da kansa, a ninka 74 da kansa, a haɗa, a ciro tushen jimlar, za a samu mil 197. Shi ne kilomita 365. Layin yana fuskantar kudu da ɗan karkata yamma, kusan digiri 200 a kamfas, kuma yana bi ta gabas da Zariya da Kaduna da tazarar kilomita hamsin ko kusa da haka. Wanda ya zauna a tagar dama ranar da sama take garau, ta nan garuruwan biyu za su faɗo masa.

Jirgi ba ya bin wannan layi daidai wa daida. Sama tana da hanyoyinta, masu sunaye da mahaɗai, ga ƙa'idar fita daga kowane fili da ta shiga. Hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, ce ke kula da su, kuma a takardun sufurin sama na duniya, sararin samaniyar Najeriya gaba ɗaya da sunan Kano ake kiransa. Wannan gado ne na tarihi: a Kano jirage suka fara sauka a ƙasar nan, a watan Nuwamba na 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila uku suka iso daga Masar. Idan hanya ba cunkoso, mai kula da zirga-zirga yakan ba matuƙi izinin yanke kwana ya miƙe. Idan da cunkoso, sai ya bi hanya yadda aka shata ta, nisan ya ƙaru da mil goma ko ashirin.

Daga cire waigi zuwa sa waigi

Lokacin da ke kan tikiti ba daga tashi zuwa sauka ake ƙirga shi ba. Yana farawa ne daga sa'ar da aka zare waigin da ke tokare da tayoyin jirgi a Kano, ya ƙare sa'ar da aka mayar da waigi a Abuja. Duk abin da ya faru a tsakani yana ciki. Mota ta tura jirgin baya, a tayar da injin ɗaya sannan ɗayan, ma'aikacin ƙasa ya cire wayar da yake magana da matuƙi da ita ya ɗaga hannu: minti huɗu ko biyar sun tafi. Sai tafiya zuwa bakin titin tashi, da gudun da bai wuce na mota a cikin gari ba, kilomita 30 zuwa 50 a awa, a kwana kuma ƙasa da haka sosai. Babban titin Kano ya haura kilomita uku, na Abuja mita 3,610 ne, saboda haka zuwa ƙarshen da za a fara gudu ma tafiya ce. A haɗa ta Kano da ta Abuja, minti 15 zuwa 20 na awar nan a ƙasa ake cinye su.

Saura kusan minti 40 zuwa 45 a sama, kuma a nan ne lissafin minti 26 yake rushewa. Gudun kilomita 830 na can sama ne, inda iska ta yi shara-shara. A ƙasa da ƙafa 10,000 akwai ƙa'idar da ta hana wuce mil 250 a awa, wato kilomita 463, domin nan ne jirage suka fi cakuɗuwa, nan ne kuma tsuntsaye suke. A ɗauka jirgin zai hau ƙafa 26,000. Hawan zai ci minti 12 zuwa 14, a cikinsu ya shafe kusan mil 70. Saukowa kuma tana da nata lissafin da kowane matuƙi ya haddace: mil uku ga kowace ƙafa dubu. Abuja tana kan tudu mai ƙafa 1,100 da 'yan kai, don haka ƙafa 25,000 za a sauko, mil 75 ke nan, a ƙara goma na rage gudu, 85. Cire 70 da 85 daga 197, abin da ya rage mil 42 ne. Wannan ɗan tsakanin, minti biyar ko shida, shi kaɗai ne jirgin yake yin cikakken gudunsa. Shi ya sa ma'aikatan ciki suke rabon ruwa da sauri kamar ana korarsu: kafin keken ya kai kujerun baya, hancin jirgi ya fara sunkuyawa.

Saukowar ta fi hawa cin lokaci, minti 18 zuwa 20. Mil goma na ƙarshe kaɗai suna cin minti huɗu, domin a lokacin an buɗe fukafukai, an sauke tayoyi, gudu ya dawo kusan kilomita 260 a awa, jirgin yana gangarowa a kan kusurwar digiri uku, ƙafa 300 a kowane mil.

Akwai wani ƙaramin tsari da ke hana karo a sama wanda ya shafi wannan hanya. Jirgin da ya fuskanci rabin kamfas na gabas, daga digiri 0 zuwa 179, yana tafiya a dubban ƙafa marasa rabuwa biyu, kamar 25,000 ko 27,000. Wanda ya fuskanci rabin yamma, daga 180 zuwa 359, yana ɗaukar 24,000 ko 26,000 ko 28,000. Mai zuwa Abuja yana rukuni na biyu, mai dawowa Kano yana na farko. Ko sun haɗu a tsakiyar hanya, akwai aƙalla ƙafa dubu a tsakaninsu.

Me zai hana a hau ƙafa 37,000 inda mai ya fi auki? Hanyar ba ta isa ba. Hawa can zai ci fiye da mil ɗari, saukowa ma fiye da ɗari, jimlarsu ta zarce nisan gaba ɗaya.

Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa Kano zuwa Legas, mai kilomita 835, fiye da ninki biyu na hanyar Abuja, take ɗaukar kusan awa ɗaya da rabi kawai. Tafiyar ƙasa da hawa da sauka kusan ɗaya ne a duka biyun. Abin da ya ƙaru shi ne tsakiyar, inda ake cin kusan kilomita 14 a minti. Haka ma kuɗin tikiti. Kowane tashi da sauka yana cin taya da birki, ana biyan kuɗin fili da na kula da zirga-zirga, injin ya fi shan mai a lokacin hawa, kuma tsufan gangar jikin jirgi da yawan tashi da sauka ake ƙirga shi, ba da awoyi kaɗai ba, saboda duk hawa sai an cusa iska a ciki jikin ya ɗan kumbura, duk sauka ya saki. Don haka kilomita ɗaya a gajeren zango ya fi tsada, kuma mai tsammanin tikitin Abuja ya zama rabin na Legas zai sha mamaki.

A nan ya kamata a yi wa jirgi mai farfela adalci. Mutane da yawa in suka hango farfela sai gabansu ya faɗi, su ɗauka tsohon yayi ne. Injin jirgi mai farfela irin ATR 72 ko Dash 8 dangin injin jet ne, farfela kawai yake juyawa. ATR 72 yana tafiyar kusan kilomita 500 a awa, Dash 8 samfurin Q400 kuma yana haura 650. A hanyar Kano zuwa Abuja, bambancin ATR da jet bai wuce minti 10 zuwa 15 ba, na Q400 bai ma kai haka ba, alhali ATR ba ya shan tan ɗaya na mai a awa, shi kuwa 737 yana shan kusan tan biyu da rabi. Ga zangon da bai kai kilomita 500 ba, irin wanda ke tsakanin manyan biranen Arewa, mai farfela ne jirgin da ya dace, kuma ƙyamar da fasinjoji ke yi masa tana cikin abubuwan da ke sa hanyoyi da dama ba sa ɗorewa.

Iska ce ke zaɓar titi

Lambobin da ake rubutawa da farin fenti a bakin titin jirgi alƙibla ce. Titin Abuja 04 ne ta wannan baki, 22 ta wancan, ma'ana digiri 40 da digiri 220. Babban titin Kano 06 ne da 24. Jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, domin iskar da ke bugun fukafukai ta gaba tana rage gudun da yake buƙata a ƙasa. Yawancin jiragen fasinja ba a yarda su tashi ko su sauka da iskar baya da ta wuce mil 10 a awa ba, wasu 15.

To ga yadda yanayin shekara yake shigowa. Da damina iskar ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku. Jirgin Abuja zai tashi a kan 24, hancinsa yana kallon kusan inda za shi, ɗan karkatawa hagu kawai zai yi. Ya isa Abuja daga arewa maso gabas ya tarar ana sauka a kan 22, ya shigo kusan a miƙe, Dutsen Zuma yana hannun dama. Da hunturu kuwa iska daga arewa maso gabas take busowa. In ta yi ƙarfi, sai a tashi a kan 06, bayan jirgi yana kallon Abuja, ya hau sannan ya yi doguwar kwana ya juyo. A can kuma in 04 ake amfani da shi, dole ya wuce filin ta gefe, ya yi mil goma ko fiye kudu, ya juyo ya daidaita. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, nisa ɗaya, amma an ƙara minti biyar zuwa takwas. A dawowa lamarin juyawa yake yi: hunturu ne ke miƙar da hanyar Abuja zuwa Kano.

Iskar can sama ba ta da babban tasiri a wannan hanya, domin manyan iskokin yankinmu gabas da yamma suke bi, hanyar kuwa kudu da arewa ce, ta gefe suke bugunta. A doguwar hanya irin ta Kano zuwa Jidda, mai kusan kilomita 3,400, nan ne ake ganin zuwa da dawowa sun bambanta sosai. Alhazai kuma su tuna cewa lokacin da ke kan tikiti na agogon garin ne: Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, don haka zuwa yakan yi kamar ya fi tsawo a takarda, dawowa ya yi kamar ya gajarce.

Zafi ma yana da nasa. Filin Kano yana kan ƙafa 1,560 ko kusa da haka, amma ranar bazara da zafi ya kai digiri 40, iska tana yin sakayau har injin da fukafukai su ji kamar filin yana kan ƙafa 5,000. Gudun tashi ya ƙara tsawo, hawa ya yi nauyi. Jirgin Abuja da ba ya ɗauke da mai da yawa bai cika damuwa ba. Babban jirgin alhazai da ya cika maƙil shi ne ake yi wa lissafi da kyau, wani lokaci a gwammace ya tashi da dare ko da asuba.

Duk waɗannan mintoci ne. Abubuwan da ke cin awoyi su ne hazo da hadari da jiran layi.

Hazon hunturu ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Jirgi yana iya tafiya a cikinta da na'ura ba tare da matuƙi ya ga komai ba. Matsalar tana wajen sauka. Na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi, wadda ake kira ILS, tana da daraja uku. A daraja ta farko, matuƙi zai gangaro har ƙafa 200 daga ƙasa. In ya ga fitilun titi ya sauka, in bai gani ba dole ya ƙara wuta ya koma sama. Kafin ma ya fara gwadawa, sai an auna cewa ana iya hangen mita 550 a kan titin. Daraja ta biyu tana saukar da wannan zuwa ƙafa 100 da mita 300, ta uku ta fi haka ƙasa. Sai dai darajar ba ta fili kaɗai ba ce. Dole na'urar ƙasa ta kasance an gwada ta tana aiki, fitilu suna ci, jirgin yana da kayan da suka dace, matuƙan kuma suna da horon da takardarsa ba ta ƙare ba. Ɗaya ya ɓace, an koma daraja ta ƙasa. Filin da ba shi da ILS kwata-kwata yana buƙatar hangen da ya fi haka nisa sosai. Wannan ne ya sa za a ga jirgin wani kamfani ya tashi, na wani yana zaune, a fili ɗaya cikin hazo ɗaya. Kuma shi ya sa ake iya hana jirgi tashi daga Abuja rana tana haske tar: rahoton hukumar hasashen yanayi, NiMet, na filin da za a sauka ake dubawa, da na filin da za a karkata in an kasa sauka.

Hadarin damina kuwa daga gabas yake tasowa, kamar yadda kowane manomi ya sani, kuma sau da yawa a jere yake zuwa kamar katanga mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, yana tafiya yamma. Kansa yana haura ƙafa 40,000, don haka jirgin da ke ƙafa 26,000 ba shi da zancen tsallake shi. Ratsa shi kuma ganganci ne, saboda ƙanƙara da iskar da ke fizgar jirgi sama da ƙasa. Matuƙi yana kallonsa a na'urar hangen hadari da ke hancin jirgin, ja da rawaya da kore, ya nemi izinin kaucewa, ya bar tazarar kusan mil 20 tsakaninsa da jan. Kaucewa irin wannan tana ƙara minti biyar zuwa goma. In kuwa hadarin a kan filin ya tsaya, sai jira, domin mafi munin haɗari shi ne iskar da ke sauya alƙibla farat ɗaya a kusa da ƙasa, lokacin da jirgi ba shi da gudu kuma ba shi da tsawo. Hadari ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare.

Jira a sama yana da siffa: zagaye mai kama da filin sukuwa, minti ɗaya a miƙe, minti ɗaya kwana, minti ɗaya a miƙe, minti ɗaya kwana. Kowane zagaye minti huɗu. Abuja ta fi kowane fili a Arewa sa jirage wannan zagaye, domin titi ɗaya ne ke ɗaukar masu tashi da masu sauka, jiragen haya da na gwamnati da na ƙasashen waje. Idan shugaban ƙasa ko wani babban baƙo zai tashi ko zai sauka, akan tsayar da sauran na ɗan lokaci, kuma bayan an buɗe sai an bi layi ɗaya bayan ɗaya. An ga nauyin dogaro da titi ɗaya a 2017, lokacin da aka rufe filin na mako shida daga watan Maris domin gyara, aka mayar da jirage Kaduna.

Fasinja yakan tsorata in ya ga ana ta zagaye, ya fara tunanin mai. Dokar mai ba ta barin jirgi ya tashi da na hanya kaɗai. Ana zuba na tafiyar ƙasa, da na hanyar kanta, da ƙarin kashi biyar cikin ɗari na ko-ta-kwana, da wanda zai kai shi wani filin daban in an kasa sauka, sannan da na minti 30 na ƙarshe wanda ba a taɓa shi sai a halin gaggawa. In an san akwai hazo ko hadari, kyaftin yana ƙara nasa a kai. Tun kafin ya fara zagaye ya san adadin da in allura ta kai, zai bar jira ya nufi Kaduna ko ya koma inda ya fito. Karkatar da jirgi alama ce ta cewa an bi lissafi, duk da cewa ga mai sauri ranar ta lalace.

Jinkirin da ba na hanyarka ba

Mafi yawan jinkirin da fasinjan da ke tafiya da yamma yake sha, ba a Kano aka haife shi ba. Jirgi ɗaya yana yin zango shida ko fiye a yini: Legas zuwa Abuja, Abuja zuwa Kano, Kano zuwa Abuja, haka har dare. Tsakanin kowace sauka da tashi akwai minti 30 zuwa 45 na sauke mutane da kaya, shara, shan mai, duba taya da injin, da lodin sababbi. Babu sarari a ciki. In hazo ya riƙe zangon farko na minti 40, tankar mai ta makara a na biyu da minti 20, aka tsaya wa babban baƙo a na uku, to jirgin ƙarfe biyar ya zama na ƙarfe bakwai ba tare da wani abu ya lalace ba. Kamfanin da ke da jirage kaɗan ba shi da na ajiya da zai cike gurbi. Tsuntsu ɗaya ya shiga injin, jadawalin yini ya watse. Ga kuma iyaka biyu da ba a roƙo a kansu. Matuƙa suna da adadin awoyin aiki da doka ta yanke, in sun cika dole su sauka ko da jirgi lafiya lau yake. Sannan filaye da dama a ƙasar nan ba sa aiki bayan faɗuwar rana, saboda haka kamfani yakan juya jadawali ya fara kai masu zuwa can, ya bar na Kano da Abuja, da ke aiki dare da rana, su jira.

Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, a kashi na 19, sun ba fasinjan cikin gida haƙƙi: abin taɓawa bayan jinkirin awa biyu, damar karɓar kuɗinsa in ya kai awa uku, da masauki in jinkirin ya faɗa tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba. Hukumar tana da teburin karɓar koke a manyan filaye. Yana da kyau mutum ya riƙe katin shigarsa da saƙon da aka turo masa na sauya lokaci, domin su ne hujja.

Yanzu a haɗa lissafin daga ƙofa zuwa ƙofa. Filin Kano a cikin gari yake, minti 20 zuwa 40 daga yawancin unguwanni, gwargwadon cunkoso. Ana so mutum ya isa awa ɗaya da rabi kafin tashi, ko aƙalla awa ɗaya, tunda kamfanoni suna rufe kanta minti 30 zuwa 45 kafin lokaci. Awa ɗaya daga waigi zuwa waigi. Minti 15 zuwa 30 na fita da jiran jaka. Sannan filin Abuja yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, ta babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke ratsa Lugbe, minti 40 in hanya ta buɗe, fiye da awa in an faɗa cunkoson safe. Jimla awa huɗu, ranar da komai ya tafi daidai, kuma a cikinsu minti arba'in da 'yan kai ne kawai aka yi a sama.

Hanyar mota daga Kano zuwa Zuba kilomita 375 ce da ɗoriya: 137 zuwa Zariya, 73 daga Zariya zuwa Kaduna, 165 daga Kaduna zuwa Zuba, sannan a ƙara shiga cikin birni. Awa biyar zuwa bakwai ne, gwargwadon halin titi da shingaye. Akwai kuma mai haɗawa: mota zuwa Kaduna, sannan jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, kilomita 186, layin da aka buɗe a 2016. Ribar jirgin sama a kan mota a wannan hanya awa ɗaya ce zuwa uku, jinkiri ɗaya mai kyau yana iya cinye ta. Abin da mutane suke saya da kuɗin tikiti ya haɗa da hutun jiki da kwanciyar hankali game da tsaron hanya, kuma waɗannan dalilai ne masu nauyi.

Wanda ke da taro ko jarrabawa ko ganin likita a Abuja, jirgin farko na safe ya kamata ya nema, musamman wanda ya kwana a Kano, domin bai gaji jinkirin kowa ba kuma hadari bai haɗu ba tukuna. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya fi kauri, ko na safen ba abin dogaro ba ne, gara a tafi tun ana gobe. Mai haɗa tafiya da jirgin ƙasar waje daga Abuja a kan tikiti daban ya bar aƙalla awa biyar ko shida a tsakani, domin kamfanin waje ba ruwansa da abin da ya riƙe shi a Kano. Jakar hannu kaɗai tana rage minti ashirin. Sannan akwai manhajoji irin Flightradar24 da ke nuna inda jirage suke a sama: in aka duba aka ga jirgin da zai ɗauke ka bai ma bar Legas ba, a lissafa tafiyarsa da tsayawarsa a Abuja da minti 40 na juyawa a Kano, za a san lokacin tashi na gaskiya tun kafin a sanar a lasifika.